Misalin Direba da Yumɓun Gida

Akwai wani mutum, direban gingimari mai taya goma, yana kai hatsi kudu ya komo da siminti ko gishiri. Sunansa Habila. Na faɗa muku sunan ne domin ku san shi, amma matar da ta haife shi ba ta taɓa faɗinsa da bakinta ba, gama shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar dā ce mai kunya. Tun yana ƙarami, in tana so a kira shi sai ta ce, "Ku kira mini wancan." In ta zuba masa tuwo, ƙanwarsa Rifkatu take miƙa wa ta kai masa. Haka ta tarar iyayenta suna yi, haka ita ma ta yi.

Ƙauyensu yana can bayan duwatsu, inda ko layin waya ba ya kaiwa, tafiyar sa'a guda daga bakin kwalta. Uban manomi ne, uwar kuwa tana ginin tukwane.

Wata shekara uban ya kwanta ciwo. Aka aika wa Habila, ya ce bari ya sauke kayan da ke motarsa ya zo. Ya sauke, aka yi masa wani lodin, ya ce to, wannan kaɗai. Aka sake aikawa, ya ce jibi. Na ukun ba aike ba ne. Wani mutumin garinsu ne ya gamu da shi a tasha, ya riƙe hannunsa ya ce, "Sannu da haƙuri. Yau kwana huɗu da muka sa Baba a makwancinsa."

Kowa ya san abin da ya kamata ɗa ya yi a ranar nan: ya kashe mota, ya kama hanyar gida ko da ƙafa ne. Habila bai yi ba. Ya ce ba zai iya haɗa ido da masu zaman makoki ba, bari jama'a su watse tukuna. Jama'a suka watse, ya ce bari mako ya zagayo. Da wata ya cika, sai kunyar jinkiri ta hau kan kunyar farko, ta ma fi ta nauyi. A haka, 'yan'uwa, aka yi shekara bakwai bai taka gidansu ba.

Kada ku ce ba ya son gida. Kewar gida ta hana shi sakat. Sau biyu a mako yake wuce mararrabar da hanyar ƙauyensu ta rabu da kwalta, kowane wucewa kuma sai ƙafarsa ta sassauta a kan totur kafin ya ankara ya sake takawa. In ya tsaya cin abinci a bakin hanya ya ga randa, sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kasa kunne ko za ta yi irin amon randunan uwarsa. Har wata mai tuwo ta taɓa tambayarsa ko sayen randar zai yi ne ta kwashe ruwanta.

Alkawari guda ya yi wa kansa: "In Inna ta aiko, ko da kalma ɗaya ce, in ta ce in zo, ranar zan tafi." Kowace Kirsimeti yakan ajiye buhun shinkafa da galan na mai a mararraba, mai babur ya kai. Amsa ɗaya ce take dawowa, ita ma daga bakin Rifkatu: "An gani, an gode." Sai ya yi ta juya maganar nan a ransa har wata Kirsimetin, yana neman "ka zo" a cikinta, bai taɓa samu ba.

To, a ƙarshen daminar shekara ta bakwai, sai motarsa ta fara rawa.

Ku da kuke tuƙi kun san irin rawar da nake nufi. In yana tafiya a hankali, lafiya lau. Da allurar gudu ta kai sittin, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa, madubi ya yi ta girgiza har ba ya ganin abin da ke bayansa, haƙoransa suna haɗuwa. In ya sauka, kafaɗunsa kamar an yi masa duka, hannunsa ya kasa riƙe kofin shayi ba tare da ya zubar ba.

Ya je wurin bakanike na farko, ya ɗaɗɗaure ƙarafan sitiyari ya ce an gama. Ba a gama ba. Na biyu ya ce iska ce ta yi yawa, ya rage. Na uku ya ce iska ce ta yi kaɗan, ya ƙara. Na huɗu, mai zaƙin baki, ya ce tayar gaba ce ta fi nauyi ta gefe ɗaya, ya ɗebo guntayen dalma ya bubbuga su a bakin ƙarfen tayar, ɗaya nan, ɗaya can, da ka kawai, kamar mai zuba gishiri a miyar da bai ɗanɗana ba. Duk cikinsu ba wanda ya ɗaga tayar daga ƙasa. Amma ba laifinsu ba ne su kaɗai. Habila ba ya yarda motarsa ta zauna ba kaya. Kafin a gama saukewa ya riga ya kama layin wani lodin, domin ya lura in ya zauna ba aiki, tunani ne yake zuwa masa. Wa zai sa jak a ƙarƙashin mota da buhu ɗari uku a kanta?

Sai ya samo dabararsa. Ya gane in ya wuce tamanin, rawar takan lafa. Saboda haka da ta fara, sai ya danne totur ya keta ta da gudu. Yana jin daɗin wayonsa, tayar kuwa tana cinyewa ta gefe ɗaya har zare ya kusa leƙowa. Wani abokin aikinsa ya shafa ta ya ce, "Habila, in tayar gaba ta fashe maka a kan tamanin, ba asibiti za a kai ka ba. Je ka ga Baba Arzika."

Baba Arzika tsohon mai faci ne, yana zaune a gindin wata darbejiya a bayan gari. Ba shi da na'ura. Kayan aikinsa jak ne, da guduma, da guntun alli a bayan kunne. Ba shi da sakin fuska, ba ya kuma gaggawa.

Habila ya gaishe shi ya ce, "Baba, motata ce take rawa."

Tsohon ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen damina."

"Ga shi bazara ta kusa fita. Wata shida kana rawa da ita, sai yau kiɗan ya ishe ka?"

Ya tashi ya zagaya gaban motar, ya shafa tayar hagu da tafin hannu, ya ga dalmar da aka jera. Ya ce, "Wa ya yi mata waɗannan 'yan kunne?" Bai jira amsa ba ya ce, "Je ka sauke kaya ka dawo."

Habila ya ce, "Baba, ni ba na tafiya ba kaya. Ka duba ta haka nan, sauri nake yi."

Tsohon ya koma kan bencinsa ya ce, "Saurin ne ya kawo ka nan. Ka sauka lafiya."

Habila ya tafi yana gunaguni. Amma a hanya rawar ta kusa fizge masa sitiyari a kan wata gada. Bayan kwana uku ya dawo da hantsi, bayan motar fayau, ba ko buhu ɗaya.

Baba Arzika ya sa jak ya ɗaga tayar hagu ta gaba har ta bar ƙasa. Ya ɓamɓare dalmar nan duka ya zubar a gwangwani. Sa'an nan ya kama tayar da hannu biyu ya wulwula ta, ya koma benci ya zauna.

Habila ya ce, "Baba, aikin fa?"

Ya ce, "Shi ake yi."

Tayar ta yi ta juyawa, ta rage gudu, ta yi gaba kaɗan, ta dawo baya kaɗan, ta tsaya. Tsohon ya zaro alli ya ja layi a wurin da ya koma ƙasa. Ya sake wulwulawa, ya sake zama. Ta juya, ta juya, ta yi lilo, ta tsaya, ga layin alli a ƙasa. Ya dubi Habila ya ce, "Ƙila hannuna ne. Gwada naka." Habila ya kama ta ya juya ta baya da iyakar ƙarfinsa, har da huci. Suka tsaya suna kallo. Ta daɗe tana gudu, sa'an nan a hankali ta kawo layin allin nan ƙasa, daidai inda ya tsaya dā.

Tsohon ya ce, "Ka gani, ɗana? A kan hanya kaya ya danne ta, kwalta ta riƙe ta, ba ta da bakin faɗa maka ciwonta sai ta rawa. Amma in ka sauke mata kaya, ka ɗaga ta, ka ƙyale ta, to, inda nauyi yake nan zai koma ƙasa. Juya ta sau ɗari, nan za ta tsaya."

Suka kwance notuna, suka zaro tayar suka kwantar da ita cikinta a sama. A lungun ƙarfen, ta bayan da ido ba ya gani in tana jikin mota, daidai da layin alli, sai ga wani dunƙulen jar ƙasa, girman ƙaramar ƙwarya, ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Baba Arzika ya ɓantari kaɗan da guduma, ya jiƙa da ruwan buta, ya murza tsakanin yatsunsa, ya sansana.

Ya ce, "Wannan ba taɓon hanya ba ne. Taɓon hanya da tuni ya zube. Wannan yumɓu ne, mai kyau ma, irin wanda mata ke ginin tukwane da shi. Me ya kai gingimari inda mata suke haƙar yumɓu?"

Habila ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai. Sa'an nan ya buɗe baki ya faɗa wa tsohon nan abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ciwon ubansa, da aiken da aka yi, da shekara bakwai ɗin.

Ya ce, "Ranar da aka yi ruwan ƙarshe, ran Lahadi ce da safe, na zo mararrabarmu da lodin gishiri. Ban san lokacin da na karya kan motar ba, Baba. Na bi hanyar har na kai fadamar bakin gari, inda Inna take haƙar yumɓu. Daga nan ina hango rufin ɗakinta. Na ji ana waƙa a majami'a, irin waƙar da Babanmu yake jan baki. Sai na ga ba zan iya ba. Na juya motar a cikin fadamar, tayar nan ta nutse har rabi. Da ƙyar na fita. Na gudu, ba wanda ya san na zo."

Baba Arzika ya yi wata 'yar dariya ba daɗi. Ya ce, "Ƙauyen da ko babur ya shiga sai an fito kallo, gingimari ta yi ruri a bakinsa, kana ce mini ba wanda ya sani?"

Habila ya ce, "To, in sun sani, ai ka ga maganata. Ba ta aiko ba. Shekara bakwai, ko sau ɗaya ba ta ce in zo ba."

"Kai ne na nawa a ɗakinta?"

"Na fari."

Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Kai, ɗana! Matar da ba ta taɓa kiran sunanka a tsakar gidanta ba, ita kake jira ta aika tasha a yi cigiyarka a gaban direbobi? Da wane bakin?"

Habila ya ga gaskiyar tsohon. Abu ne da ya sani tun yana yaro, amma kunya ta rufe masa shi shekara bakwai.

Baba Arzika ya ce, "Aiki biyu ne, ka zaɓa. Ina iya barin yumɓun inda yake, in buga dalma a ɗaya gefen daidai nauyinsa. Rawar za ta lafa, har ranar da wani ɓangare ya ɓantare, ka dawo mu sake. Ko kuwa in fasa shi duka in fitar."

Habila ya ce, "Fasa shi, Baba."

Ya fasa, ya kankare lungun tas, suka mayar da tayar. Da ya wulwula ta, ta tsaya layin alli yana sama. Ya sake, ta tsaya yana gefe. Ya sauke jak, ya goge hannu a jikin rigarsa ya ce, "Ka sa sabuwar taya, wannan ta ci wuya. Ƙarfen dai ya warke. Ragowar ba aikina ba ne."

Habila ya sa sabuwar taya ya hau kwalta. Allura ta kai sittin, sitiyari shiru. Ta kai saba'in, madubi ya tsaya cak, yana ganin hanya a bayansa sarai. A cikin shirun nan ne ya lura hannuwansa suna rawa, motar kuwa ba ta yi. Ya ji wata irin kewa ta taso masa, ta tsakar gida, da warin hayaƙin gashin tukwane, da tarin uwarsa da safe. Da ya kai mararraba bayan azahar, hadari yana haɗuwa a gabas, ruwan farko na shekarar bai sauka ba tukuna. Ya karya kan motar ya shiga.

Da ya kai fadamar bakin gari, sai ya tarar hanya ta canja. An kewaye tsakiyarta da shingen ƙaya, mutane da amalanke sun yi sabuwar hanya ta gefe, ta cikin gona. Ya kashe mota ya sauko ya leƙa. A cikin shingen, ga sawun tayoyin gingimari a busasshen yumɓu, zanensu raɗau kamar jiya aka yi, ga kuma ramin da tayar hagu ta nutse. An share wurin tas, ko ganye ɗaya babu.

Yana tsaye sai ya ji an ce, "Yaya!" Rifkatu ce, ta taso daga rijiya. Ta dire tulun a tsakiyar hanya ta rugo ta riƙe rigarsa tana kuka. Da ta sami numfashi, ya nuna mata shingen ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Ta ce, "Inna ce. Ranar nan muna cikin sujada muka ji kukan mota, kafin a fito ka tafi. Kowa ya yi ta magana, ita ba ta ce uffan ba. Washegari ta ɗauki gatari ta saro ƙaya da kanta. Masu amalanke suka yi ta mita, har mai unguwa ya zo, ta ce masa wurin haƙar yumɓunta ne. Yaya, ko dunƙule ɗaya ba ta taɓa ɗiba a ciki ba. Kowace safiya sai ta zo da tsintsiya. Tun da hadari ya fara haɗuwa kuwa ta rage cin abinci, don ta san abin da ruwa yake yi wa yumɓun da ba a gasa ba."

Habila ya bar motar a nan ya ƙarasa da ƙafa. Ya tuɓe takalmansa a ƙofar gida. Uwar tana zaune a inuwar rumbu, ta tsufa ƙwarai, tana shafe bakin wata tukunya ɗanya. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, mun same ku lafiya?"

Hannunta ya tsaya a kan tukunyar. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Lafiya lau. Ya hanya?"

Ya ce, "Inna, na yi laifi. An aiko ban zo ba. Baba ya..." Sai ya kifa goshinsa a ƙasa.

Uwar ta sa bayan hannu ta share ido, yumɓu ya shafu a kumatunta. Sa'an nan ta juya wajen 'yarta ta ce, "Rifkatu, kawo ruwa, an sha rana. In kin gama, ki je ki gaya wa masu amalanke su kwashe ƙayar nan su bi hanyarsu."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, motar nan ranka ne, rawar kuwa rashin kwanciyar zuciyar nan ne da ka sani, matarka ta sani, 'ya'yanka ma sun sani, gama su ne suke zaune a gidan gaba suna shan girgiza tare da kai. Ƙaramar magana ta sa ka tashi da faɗa. Ka zo sujada, bakinka yana waƙa, ranka yana wani wuri. Ka tambayi wannan ya ce gajiya ce, ka tambayi wancan ya ce maƙiya ne. Ba wanda ya leƙa lungun da ido ba ya gani, kai ma ba ka bari a leƙa ba.

Muna da dalma iri-iri da muke bugawa. Wani kyauta yake aikawa inda ya kamata ƙafarsa ta je. Wani kuwa hidima ce tasa: yana cikin mawaƙa, yana cikin zumuntar maza, shi ne mai ɗaukar benci, shi ne mai kulle ƙofa. Ban ce ku daina ba, ina bukatar masu ɗaukar benci. Amma uwar Habila ba shinkafa take jira ba. In kuwa dalma ta kasa, sai mu ƙara gudu, mu cika rana da aiki daga fitowarta har fāɗuwarta don kada a sami wurin da tunani zai zauna. Rawar takan lafa, gaskiya ne. Tayar dai tana cinyewa.

Ga abin da nake roƙonku ku yi a makon nan, ba shi da wuya, ba shi kuma da daɗi. Ku sauke kaya. Ka kashe rediyo, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka zauna a gaban Ubangiji rabin sa'a ba ka roƙon komai, ka ƙyale zuciyarka ta juya ka ga inda za ta tsaya. Gobe ka sake, jibi ka sake. In ka ga tana tsayawa a kan suna ɗaya, ko ƙofar gida ɗaya, ko wata rana ɗaya da ka so a ce ba a yi ta ba, to, ja layi a nan. Nauyinka ke nan. Kada ka yi mamaki in ka tarar ba ƙiyayya ba ce. Sau da yawa abin da yake girgiza mu ƙauna ce da muka ɗauko muka gudu da ita, ta bushe a cikinmu don mun hana ta isa inda za ta.

Ni da nake muku magana, tawa zuciyar ta yi shekara huɗu tana tsayawa a ƙofar wani dattijo da na ɗaga wa murya a taron ikkilisiya ina saurayin mai wa'azi, ina ganin na fi kowa sani. Kullum ina cewa sai na sami ranar da ta dace. Ranar da na sa hula na tafi, na tarar 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa birni jinya, bai kuwa dawo ba. Na san Ubangiji ya gafarta mini. Amma har yau ina kewar gaisuwar nan da ban yi ba, ina kuma faɗa muku ne don kada ku ɗauka kowa yake tarar da mai jiransa a zaune. Habila ya sami uwarsa. Ubansa fa? Bai same shi ba, ba kuwa zai same shi ba a duniyar nan.

Uwar nan tana nuna mana Ubanmu na sama, amma ba ta kowace fuska ba. Ita al'ada ta ɗaure mata baki, ba ta iya aikawa. Shi ba abin da ya ɗaure shi. Ya aiko, ba mai babur ya aiko ba, Ɗansa ya aiko, ya biyo mu har tashar da muke ɓuya. Saboda haka wanda yake cewa, "Ina jira Allah ya nuna mini alama tukuna," ya fi Habila rashin hujja. An riga an ce ka zo.

Inda ta yi kama da shi kuwa, shi ne wurin shingen nan. Akwai ranar da ka zo har bakin ƙofar majami'a ka juya. Akwai ranar da ka durƙusa ka fara addu'a, ka kai tsakiya ka kasa, ka tashi ka kama harkarka. Akwai ranar da ka kai ƙofar ɗan'uwanka, ka ɗaga murya za ka yi sallama, sai ka wuce kamar hanya ce ta biyo da kai. Kai kana tuna ranar nan da kunya, kana cewa ranar da na gudu. Ubanka bai ɗauke ta haka ba. A wurinsa ita ce ranar da ka fi matsowa kusa, ya kuwa kewaye wurin, bai bar kowa ya taka ba.

Amma ba sawunka yake so ba, ɗan'uwa, ba kuma naki ba, 'yar'uwa. Sawu ba ya shan ruwa, ba ya amsa gaisuwa. Tashi ka ƙarasa ɗan abin da ya rage na hanyar, ko da ƙafa ne, tun mai jiranka yana zaune.